Adar, Bagzan, Tubkal ko Mon Bulan: wace hanyar zagaye ta dace da dogon hutu?

Kowace shekara, da zarar watan Yuni ya raba tsakiya aka fara maganar rufe makarantu, gardama ɗaya ce ke tashi a tsakaninmu, mu ƴan tsirarun da ke fita tafiyar ƙafa ranar Lahadi a kan tuddan hayin kogi a nan Yamai: ina za a dosa da dogon hutu? Abin da ake nema shi ne hanyar zagaye, wato mutum ya goya jakarsa ya tashi daga wani gari, ya yi kwanaki yana tafe yana kwana a hanya, ya komo inda ya faro ba tare da ya sake taka sawunsa ba. Amfaninta a fili yake, domin inda ka ajiye ragowar kayanka nan za ka dawo, kuma kowace safiya sabuwar ƙasa ce a gabanka.

Sunaye huɗu ne suka fi fitowa a bakin mutane: kwaruruwan Adar a jihar Tawa, dutsen Bagzan a Abzin, dutsen Tubkal a Maroko, da zagayen Mon Bulan a Turai. Wuraren da suka fi kusa da Yamai sun fita daga lissafi tun da jimawa. Tun harin ranar 9 ga Agustan 2020 da ya halaka mutum 8 a yankin raƙuman dawa na Kure ba wanda ke sha'awar kwana a dajin, gandun W kuwa ya zama maɓoyar masu ɗauke da makamai, saboda haka ba zan ɓata lokaci a kansu ba.

Ma'aunan da za a duba

Na farko, wanda kuma ya rinjayi sauran duka, shi ne lokaci. Mafi yawan abin da ake karantawa a intanet game da tafiyar duwatsu mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta shi, su kuwa Yuli da Agusta su ne watannin da dusar ƙanƙara ta narke, hanyoyi suka buɗe, rana ta yi tsawo. A wurinmu waɗannan watanni tsakiyar damina ne, lokacin malka da sauro da koramu masu tasowa babu sallama. Wanda ya ɗauko shawarar Bature ya ɗora ta a kan ƙasar Nijar yadda take, to zai sayi wahala da kuɗinsa.

Na biyu shi ne kuɗi, kuma ba guzurin hanya kaɗai ake nufi ba, har da abin da za a kashe kafin a isa bakin hanyar, da kuɗin takardu, da na jagora, da na kayan da dole sai an saya. Na uku wahala ce. Yawan kilomita ba ya faɗin gaskiyar tafiya, domin kilomita 12 na hawan dutse sun fi 25 na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa cin jiki, kuma kowace lita ta ruwa da ka zuba a jaka kilo guda ce a kafaɗarka, don haka tazarar da ke tsakanin rijiya da rijiya tana cikin lissafin wahala. Na huɗu haɗari, na mutane da na ƙasar kanta, tare da nisan da ke tsakaninka da likita idan ƙafa ta gurɗe ko zazzaɓi ya kama. Na biyar shi ne ɗorewa, kuma abu biyu nake nufi: ko shirin zai tsaya da ƙafarsa ko kuwa ruwan dare ɗaya ko takarda ɗaya za su rushe shi, sannan ko kayan da aka saya dominsa za su sake amfani baɗi. Akwai kuma abin da littattafan Turawa ba sa sawa a ma'auni amma mu ba mu iya tsallake shi, wato abincin da za ka ci hankali kwance da wurin da za ka yi salla.

Adar: zagayen kwaruruwan Keita

Wannan ba hanya ce da aka shata aka kafa mata alamu ba, matafiyi ne ke zana ta da kansa. Gundumar Keita, mai tazarar kimanin kilomita 70 gabas da birnin Tawa, tana da ƙananan hukumomi 4: Keita, Ibohaman, Garhanga da Tamaske, kuma yadda suke zaune ya sa ana iya haɗa su a zagaye ɗaya na kwana 5 zuwa 6, ana yin kilomita 15 zuwa 20 a yini. Ana bin hanyoyin kasuwa da burtali, a hau fako mai jan dutse, a gangara fadama, a sake hawa. Tuddan Adar ba su kai mita 800 ba, don haka babu maganar ƙarancin iska, kuma da wuya a yi rabin yini ba a ga ƙauye ba.

Abin kallon da ke nan aikin hannun mutane ne. Bayan farin da ya addabi ƙasar, an buɗe aikin raya karkara na Keita a 1984 da kuɗin Italiya, tare da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma mata ne suka yi mafi yawan aikin, suna ɗaukar dutse a ka ana biyansu da abinci. Jerin duwatsun da suka shimfiɗa a kan fako don tare ruwa, da ramukan da aka haƙa a jikin tuddai aka dasa itatuwa, da ƙananan madatsun ruwa a bakin kwaruruwa, duk suna nan, kuma da damina ne ake ganin amfaninsu, lokacin da ruwa ya kwanta a bayan kowane jeri ciyawa ta fito a inda dā ko akuya ba ta tsayawa. Wanda ke da ƙarin kwanaki yana iya karkata kudu zuwa kwarin Majiya a wajen Buza, inda aka fara dasa dogayen layukan bedi masu kare iska tun 1975.

Ta fuskar kuɗi babu wadda ta kama ƙafarta. Kuɗin mota ne daga Yamai zuwa Tawa, tafiyar kimanin kilomita 550, sai na motar kasuwa zuwa Keita, sai ɗan abin da za a ba mai jaki idan ana son ya ɗauki ruwa da tukunya. Ba a bukatar fasfo, katin ɗan ƙasa ya wadatar, kuma tanti ma ba dole ba ne, sange da tabarma da leda mai kauri sun isa, domin idan hadari ya taso ana samun zaure ko ajin makaranta. Sai dai akwai ladabin da bai kamata a manta ba. Agusta wata ne da rumbu ya yi ƙasa, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai iso ba, kuma mutumin Adar ba zai bar baƙo ya kwana da yunwa ba ko da abincin ƴaƴansa ne zai miƙa masa. Saboda haka a tafi da shinkafa da gari da mai da sukari da ganyen shayi, a miƙa wa uwargida ta dafa da na gidan gaba ɗaya. A kowane gari kuma a fara da ƙofar mai gari, a ce: “Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Tawa, muna neman inda za mu shimfiɗa tabarma zuwa safe.” A wannan zamani baƙin fuska huɗu da manyan jakunkuna abin tambaya ne, kuma gara ka gabatar da kanka da a je a kai rahotonka. Haka nan a sanar da jandarmomin Keita kafin a tashi, a ji ta bakinsu game da halin da hanya ke ciki a wannan makon. Arewacin jihar, wajen Tiliya da Tasara, wani batu ne dabam, kuma wannan zagaye ba ya kusantar can.

Haɗarin da ya fi kusa shi ne ruwa. Wata shekara cikin Agusta mun iso bakin wata korama da hantsi, tsakanin Garhanga da Tamaske, sama tas babu ko gajimare, yashin ciki kuma a bushe. Wani dattijo da ya ɗaure jakinsa a gindin aduwa ya ɗaga mana hannu ya ce: “Samari, ku dakata. An yi ruwa a gabas da asuba, yana nan tafe.” Na ce: “Baba, ai ƙasa a bushe take.” Bai amsa ba, sai ya gyara mana wuri a inuwa. Ba mu kai ga shan shayi na biyu ba muka ji ƙugi kamar na babbar mota daga nesa, sai ga ruwa ja wur ya cika koramar baki da baki, yana tafe da karare da reshen itace da wani kwando da ya kwaso daga wani gida. Sai bayan la'asar muka haye, ruwan yana kai mana gwiwa. Wanda ya tsara kwana 5 a Adar da malka, to ya ajiye na shida domin irin wannan zaman.

Bayan ruwa sai sauro, domin zazzaɓin cizon sauro yana kai ƙololuwa ne daga Agusta zuwa Oktoba, sai maciji, musamman kububuwa da ke laɓewa cikin duwatsu, abin da ya sa takalmi mai rufe idon sawu da fitila da dare suka zama wajibi. Kada a yi wanka a tabki saboda tsargiya, ruwan rijiya kuma a jefa masa ƙwayar tsarkake ruwa. A ganina makonni biyu na ƙarshen Satumba su ne suka fi dacewa: ruwa ya ja baya, koramu sun lafa, hatsi ya nuna har ana gasa tumu a bakin gona, kuma ba a koma makaranta ba tukuna. Illar wannan lokaci ita ce ƙarangiya, wadda ta riga ta bushe, za ka kuma kwana kana cire ta daga safa.

Bagzan

In da za a tambaye ni wadda na fi so a cikin huɗun, ba zan yi jinkiri ba, Bagzan ce. Wani makeken tudu ne na dutse a kudancin Abzin, tsawonsa kimanin kilomita 40, faɗinsa kimanin 20, kuma a kansa ne ƙololuwar Idukal-n-Tagas take, mai mita 2,022, wadda babu inda ya fi ta tsawo a Nijar. Ana tashi daga wajen Tabelot, a hau ta ɗaya daga cikin matsattsun hanyoyin da ke ratsa jikin dutsen, a yi kwanaki ana zagaya ƙauyukan Abzinawa da ke sama, a sauko ta wata hanyar dabam, duka cikin kwana 5 zuwa 7. Hawan farko shi ne mai wuya, sa'o'i ne na taka manyan duwatsu, jakuna na gaba da kaya suna neman wurin sa kofato, amma da an kai sama sai ƙasa ta buɗe, a tarar da maɓuɓɓugan ruwa da garake na albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa, abin da wanda ya san Agadas kaɗai ba zai yi tsammani ba. Da dare jagora zai binne tagalla, wato gurasar Abzinawa, a cikin yashi da garwashi, a ci da miya da cuku, a bi da shayi zagaye uku, kuma salla ba ta zama abin tunani, domin kowa a ayarin mai yi ne.

Duk da haka ba zan ba kowa shawarar ya kai dogon hutunsa can ba. Lokacin Bagzan shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da rana ba ta da zafi, ko da yake da dare sanyi yakan sauka har kusa da daskarewar ruwa a Disamba da Janairu. Ruwan Abzin kaɗan ne, amma yana zuwa ne daga Yuli zuwa Satumba, kuma tun da dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya zuba sai ya taru a koramu ya gangaro da ƙarfi. Hanyar mota daga Agadas zuwa Tabelot tana ratsa irin waɗannan koramu, matsattsun hanyoyin hawan kuwa su kansu magudanan ruwa ne. Mutanen Agadas ba su manta da farkon Satumban 2009 ba, lokacin da koramar Telwa ta fasa madatsa ta shiga unguwanni ta rusa gidaje masu yawa.

Kuɗin ya ninka na Adar sau da dama. Daga Yamai zuwa Agadas kimanin kilomita 950 ne, kuma kashin da ke tsakanin Tawa da Agadas, wanda ya kai kilomita 400, ya lalace ƙwarai, sannan sai an ɗauki hayar mota mai ƙarfi zuwa gindin dutsen, a biya jagora da masu jakuna. Jagora ɗan ƙasar ba abin da za a yi ciniki a kansa ba ne: shi ya san inda ruwa yake, shi ya san mutane, kuma an binne nakiyoyi a wasu hanyoyin Abzin lokacin tawayen 2007 zuwa 2009, don haka ba ƙasa ce da baƙo zai yanke hanya da ra'ayin kansa ba. Sace wasu Turawa mata biyu a cikin garin Agadas a 2025 ya ƙara tsaurara matakan tsaro, kuma wanda ke da baƙo ɗan wata ƙasa a ayarinsa sai ya fara da hukuma kafin komai. Rezo yana yankewa a wurare da yawa, babbar likita kuma sai Agadas. Abin da ke cikin ribar Bagzan shi ne kayan sanyin da ka saya dominta za su yi maka shekaru.

Tubkal

A nan ne hutunmu da lokacin dutse suka haɗu. Tubkal, mai mita 4,167, shi ne mafi tsawo a arewacin Afirka, yana cikin gandun da aka keɓe tun 1942, kuma daga Yuni zuwa Satumba dusar ƙanƙara ta janye daga mashigan duwatsu. Ana tashi daga ƙauyen Imlil, mai tazarar kimanin kilomita 65 daga Marrakesh, a tsawon mita 1,740. Zagayen da aka fi yi na kwana 6 ne: a bi ta Tashedirt, a haye mashigin Likemt da ya haura mita 3,500, a gangara kudu zuwa Amsuzart, a kwana a bakin tabkin Ifni, a sake hawa ta mashigin Wanums da ya haura mita 3,600, a sauka masaukin da ke mita 3,207, a tashi da asuba a hau ƙololuwa, sannan a gangara Imlil ta Sidi Shamharush. Kyawun wannan tsari shi ne ƙololuwa tana zuwa a ƙarshe, bayan jiki ya yi kwanaki yana sabawa da tsawo, saɓanin masu zuwa su haye cikin kwana 2 su sauko da ciwon kai.

Maganar tsawo ba ƙarama ba ce ga mutumin Yamai, wanda ya rayu a ƙasar da ba ta wuce mita 200 da ƴan kai ba. A mita 4,000 iskar da mutum ke shaƙa a kowane numfashi ba ta kai kashi biyu cikin uku na wadda ya saba ba, kuma daga mita 2,500 ciwon hawan sama yana iya kama kowa, ko ɗan ƙwallo ko mai tumbi, da ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci. Maganinsa na gaskiya shi ne a daina hawa, idan ya tsananta kuma a sauka nan take. Wahala ta biyu tsakuwa ce, domin gangaren Likemt da Wanums duk ɓaraguzan dutse ne masu zamewa, suna cin gwiwa suna cin takalmi, kuma takalmin gwanjo na Babbar Kasuwa da ya yi maka Adar lafiya yana iya rabuwa da tafinsa a nan a rana ta uku. Hadarin yamma ma yana faruwa a Agusta, kuma ambaliyar kwarin Urika ta Agustan 1995 ta ci rayuka masu yawa, don haka ba a kafa tanti a cikin kwari.

Tun bayan kisan wasu mata biyu ƴan arewacin Turai kusa da Imlil a Disamban 2018, hukuma ta wajabta tafiya da jagora mai izini, kuma ana duba fasfo a hanya. Wannan ya ƙara kuɗi amma ya rage fargaba. Girgizar ƙasa ta 8 ga Satumban 2023 ta taɓa ƙauyukan yankin, har yanzu ana ganin tabonta, amma an ci gaba da hawa. Mafi nauyin kuɗin tikitin jirgi ne daga filin Diori Hamani zuwa Kazablanka, wanda ke tsada a watannin hutu, sai jirgin ƙasa zuwa Marrakesh. A kan dutsen kuwa, idan mutum 4 suka haɗu suka raba kuɗin jagora da na alfadari da na mai dafa abinci, abin yana sauƙi, kuma alfadarin ne ke ɗaukar manyan jakunkuna. Ƙa'idojin shiga Maroko suna sauyawa, don haka a tabbatar da su a ofishin jakadancinsu kafin a sayi tikiti. Abinci halal ne, kowane ƙauye da masallacinsa, Faransanci yana aiki, wanda kuma ya iya Tamashek zai riƙa tsintar kalmomi a bakin masu alfadarai, domin harsunan dangin juna ne.

Mon Bulan

Wannan ita ce wadda hotunanta suka fi yawo a wayoyi, kuma ta cancanci sunanta: kimanin kilomita 170 a kewayen dutsen Mon Bulan, ta cikin Faransa da Italiya da Suwizalan, a kwana 10 ko 11, da jimillar hawa kimanin mita 10,000. Ba a hawa ƙololuwar, kewaya ta ake yi, kuma mafi tsawon inda ake takawa mita 2,665 ne, don haka ciwon hawan sama bai cika damun mutane ba. Hanyar tana da alamu ko'ina, ba dole sai da jagora ba, ruwa a wadace, agaji a kusa, masaukai kuma a buɗe daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba. Ta fuskar lokaci da tsaro babu abin kushewa.

Matsalarta daga Yamai takarda ce da aljihu. Kuɗin bizar Shengen, wato bizar shiga waɗannan ƙasashe na Turai, ya koma yuro 90 tun Yunin 2024, wato kimanin jika 59 na sefa, ba a kuma mayar da shi idan an hana, sannan sai da inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin yuro 30,000. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, abin da ya sa neman bizar kansa ya zama wata tafiya. Kwana ɗaya a masauki da abincin dare da karin kumallo da wuya ya gaza yuro 60, sama da jika 39 ke nan, ɓangaren Suwizalan kuma ya fi haka, kuma gadajen Yuli da Agusta suna ƙarewa tun watanni kafin lokacin, ma'ana za ka biya kafin ka san ko za a ba ka biza. Kafa tanti ba mafita ba ce sosai, domin an taƙaita shi ƙwarai a ɓangaren Italiya da na Suwizalan. A teburin masauki naman alade ba baƙo ba ne, sai mutum ya sanar tun da wuri cewa ba ya cin nama.

| Hanya | Kwanaki | Lokacin da ya dace | Kuɗi | Wahala | Babban haɗari | Ɗorewar shiri a dogon hutu |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Adar | 5 zuwa 6 | ƙarshen Satumba zuwa Fabrairu | mafi araha | kaɗan | koramu, sauro, maciji | mai kyau, idan an bar kwana ɗaya rara |
| Bagzan | 5 zuwa 7 | Nuwamba zuwa Fabrairu | matsakaici | matsakaiciya | ambaliya, nisan likita, tsaro | mai rauni |
| Tubkal | 6 | Yuni zuwa Satumba | mai yawa | mai tsanani | ciwon hawan sama, zamewa | mai ƙarfi |
| Mon Bulan | 10 zuwa 11 | tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba | mafi tsada | mai yawa saboda tsawon kwanaki | sauyin yanayi, gajiya | ya dogara da biza |

Wace ta dace da wa

Ɗalibi ko malamin makaranta da bai taɓa kwana a hanya da jaka a baya ba, kuma aljihunsa bai da nauyi, ya nufi Adar, ya kuma jinkirta zuwa ƙarshen Satumba idan zai iya. A can zai gane ko ƙafarsa da takalminsa da abokan tafiyarsa za su jure kwana 5, a wurin da kuskure ba ya wuce a tari ɗan kabu-kabu a koma Keita. Idan kuwa Agusta kaɗai yake da shi, to ya saka hanyar Yamai zuwa Tawa ma a cikin lissafin jinkiri, domin a Agustan 2024 ruwa ya yanke babbar hanya a mashigar Yamai ta gabas, motoci suka yi cirko-cirko na kwanaki.

Wanda ya riga ya yi irin wannan tafiya sau ɗaya ko biyu, yake da fasfo da kuɗin jirgi, kuma hutunsa ya faɗo cikin Yuli ko Agusta, Tubkal ce tasa, kuma ita nake ganin ta fi dacewa da dogon hutu a cikin huɗun. Ya nemi abokai 3, ya sayi takalmi na ƙwarai ya taka shi wata guda kafin tashi, ya zaɓi zagayen kwana 6 a maimakon hawan gaggawa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko sikila ya ga likita tukuna, domin tsawo irin wannan yana tayar da ciwon sikila.

Mon Bulan ta dace da wanda ya riga ya mallaki biza ko takardar zama a Turai, kamar ɗalibanmu da ke karatu a can, wanda kuma zai iya kama gadaje tun cikin hunturu. Ga wanda zai faro daga Yamai da hannu biyu, kuɗin da zai zuba a neman izini da ajiyar masauki kaɗai ya isa ya kai shi Imlil.

Mai son Bagzan kuwa ya riƙe kuɗinsa zuwa hutun ƙarshen Disamba. Ya yi amfani da damina wajen neman jagora ta hannun mutanen Tabelot da ke sauko da albasa Agadas, ya tanadi bargo mai kauri da rigar sanyi, ya kuma ware kwana 2 na zuwa da 2 na dawowa a kan kwanakin da zai yi a saman dutsen.